Muryar Jitar Oddvar

Shekara arba'in da shida Gunnhild ta yi tana rera waƙa, mijinta Oddvar yana kaɗa mata jita. Ba su taɓa yin suna ba, kuma ba su nema ba. Amma a garinsu Kristiansund da ke bakin teku, in an yi ɗan biki, ko wani ya cika shekara saba'in, ko an dawo daga jana'iza an zauna shan gahawa, sai ka ji an ce a kira su. Oddvar ya ci ƙuruciyarsa a wurin gyaran jiragen ruwa, yana bugun ƙarfe a cikin tumbin jirgi tun yana ɗan shekara goma sha bakwai, a zamanin da ba wanda ke toshe kunne don kada a kira shi rago. Ita kuwa ɗinkin labule ta yi har ta ajiye aiki.

Abin ya faru ne a watan Oktoba, ranar da Halvdan, tsohon abokin aikin Oddvar, ya cika shekara tamanin. Sun shigo daga cikin ruwan sama zuwa zauren da aka cika da ɗumi, sai siririyar tsirkiyar jitar ta saki. Gunnhild ta ji tun bugun farko. Ta dubi mijinta, ta ga idonsa a lumshe, yana gyaɗa kai kamar kullum. Haka ta rera baiti huɗu, tsirkiyar nan tana kuka a gefe, jama'a kowa ya sunkuyar da kai yana kallon kofinsa.

Da suka gama, Halvdan, wanda ya ɗan sha ya yi nishaɗi, ya ɗaga murya daga kan teburinsa.

"Oddvar, kyanwar wa ka taka wa wutsiya? A sake ta haka nan, ta tuba."

Aka yi dariya. Oddvar ma ya yi. Sai da suna hanyar gida, suna hawan tudun unguwarsu a ƙarƙashin laima ɗaya, ya ce, "Da gaske ne?"

"Tsirkiyar farko ce ta ɗan saki. Sanyi ne."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon waƙar."

"Ba yau nake nufi ba, Gunn."

Suka wuce gida biyu. Ta san in ta yi ƙarya zai gane, domin ya fi kowa sanin tafiyarta in tana ɓoye magana.

"Shekara biyu. Ko uku. In ka gama gyara ta ka tashi wanke hannu, nakan ɗaure maka siraran tsirkiyoyin nan guda biyu. Yau ban sami sarari ba."

Da suka isa gida ya goge jitar da ƙyalle, ya kwantar da ita a akwatinta, ya ɗora a saman kabad ɗin kaya.

Likita ya tabbatar da abin da ta riga ta sani. Kunnuwan Oddvar suna jin ƙara mai kauri lafiya lau, amma duk wani sauti siriri ya tafi, kuma ba zai dawo ba. Aka ba shi na'urar ji. Ya sa ta kwana uku, ya ce da ita kiɗa yake ji kamar ana zuba cokula a kwanon ƙarfe, ya jefa ta a aljihun tebur. Sai in za a karanta labarai yakan ɗauko.

Lokacin sanyin wannan shekarar ya yi wa Gunnhild tsawo. Oddvar yakan zauna bakin taga daga fitowar ɗan hasken rana har ɓacewarsa, yana kallon jiragen da ke shiga da fita. Mutumin da ba ya iya cin miyar busasshen kifi bai ce gishiri ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba, yanzu sai ya cinye shiru ya ce ya gode. Wata rana da gangan ta ƙona dankali don ta ji ko zai yi mita. Ya cinye har da ƙanzon.

Ranar wata Talata a watan Maris, da ya fita zuwa bakin tashar ruwa inda tsofaffin ma'aikata ke haɗuwa shan gahawa, ta jawo kujera ta hau, da shekarunta saba'in da ɗaya, ta sauko da akwatin. Ta cire jitar ta naɗe ta a bargo, ta mayar da akwatin wurinsa. Ta hau ƙaramin jirgin da ke tsallaka da mutane zuwa tsibirin da ke ƙetare, ta rungume bargon kamar mai goyo.

A can Ragna take da shagon gyaran kayan kiɗa. Ragna 'yar marigayiya ƙanwar Oddvar ce, mace ce kakkaura mai shekara hamsin, kullum da garin katako a gashinta. Oddvar ne ya fara ɗora yatsunta a kan tsirkiya tun tana ƙarama.

"Inna, Kawu ya san kin ɗauko ta?"

"Da ya sani da a bargo zan kawo ta? Ina so ki yi mata wani abu yadda ba za ta ƙara saki ba. In ba ta saki, ai ba sai ya ji ba."

Ragna ta juya jitar a hannunta. Tsohuwa ce mai faɗin ciki, irin wadda ake jona wa lasifika, jan fentinta ya koɗe a inda damtsen Oddvar ke gogawa.

"Ba jitar da ba ta saki. Kuma ko da akwai, me ya ƙaru da shi? Mutum yana kaɗa abin da ba ya jin rabinsa. Faɗa mini, me yake ji sosai?"

"Injin jirgi, tun yana bayan tsibiri. Har yakan faɗa maka na wane ne. Muryar maza ma yana ji. Ni ce dai ba ya ji."

"Wannan kuma tsohon ciwon maza ne, ba ni da maganinsa." Ragna ta ja tsirkiya mafi kauri ta saki, ta saurara har ƙarar ta mutu. "Tunda kunnen ba zai hau ya sami jita ba, sai jita ta sauko ta same shi. Mu saukar da ita oktaf guda, dukanta."

Gunnhild ta san abin da ake nufi. Tazarar nan ce da ke tsakanin muryar mace da ta namiji in suna rera waƙa ɗaya: ba wanda ya saɓa wa wani, amma tasa tana can ƙasa. Ba ta dai taɓa jin an yi wa jita haka ba.

"Ana yi," in ji Ragna. "Yatsunsa za su bi inda suka saba bi, ba abin da zai sake koya a nan. Sai dai tsirkiyoyin za su zama masu kauri, babbar cikinsu ta kusa kai igiyar shanya. Zan gurza ƙashin nan na saman wuya don su sami wurin kwanciya, wannan mai sauƙi ne. Amma kunnuwan murɗawar nan sun yi ƙanana. Sai na cire su, in faɗaɗa ramukan da ke jikin katakon, in sa manya. Katako kuwa in an huda shi ya hudu, Inna. Ko ya ce bai so, ba ta komawa yadda take."

Gunnhild ta zauna a kan wani ɗan benci. Ta san tarihin jitar nan fiye da na wasu danginta. A Hamburg ya sayo ta, shekara guda kafin aurensu, lokacin da aka tura su raka wani jirgi, ya dawo da ita ba tare da rigar sanyin da ya tafi sanye da ita ba. Ta tuna yadda yakan hana yaransu ko taɓa akwatin. Ta kuma tuna bayansa a bakin taga, yadda kafaɗunsa suka zube cikin wata biyar.

"In na tambaye shi zai ce a'a," ta ce.

"Zai ce."

"To huda."

"In ya zo zai cinye ni ɗanya."

"Ki ce ni na sa ki."

"Ai kuwa tun daga bakin ƙofa zan faɗa."

Gunnhild ta ɗauka tana da lokaci, domin a ganinta tun Oktoba Oddvar bai ƙara ko ɗaga kai ya dubi saman kabad ba. Ashe ta yi kuskure. Ranar Asabar ta dawo daga cefane ta tarar da shi tsaye a tsakiyar kicin, akwatin a buɗe a kan tebur, ƙyallen goge jita a hannunsa. Nan take ta gane cewa duk fitar da take yi yakan sauko da ita ya goge.

"Sayarwa kika yi?"

"Tana wurin Ragna."

Ta ajiye jakar cefane ta faɗa masa komai, a hankali, tana fuskantarsa don ya ga bakinta. Da ta kai ga maganar huda, sai ya ajiye ƙyallen ya tafi ya zura takalmansa. Ta bi shi. A cikin jirgin tsallakawa ya zauna a benci na can gefe, kamar bai san ta ba.

Sun tarar da jitar kwance a kan teburin aiki, ba tsirkiya ko ɗaya, ramuka shida sababbi fes a kanta, farin katako yana leƙowa ta cikinsu.

"Inna ce ta sa ni," in ji Ragna, kamar yadda ta yi alkawari.

Oddvar ya sa ɗan yatsa ya zagaya ramukan ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a kan na uku.

"Wannan ya karkace."

"Bai karkace ba, Kawu."

"Ya karkace da kaurin gashi." Sannan ya juya wajen matarsa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. "Abu ɗaya ne a gidan nan da yake nawa ni kaɗai. Ɗaya tak. Shekara uku kina gyara mini shi a ɓoye kamar ana ba yaro magani a cikin madara, yanzu kuma kin sa an fasa shi. Me ya rage ki yanke mini?"

Ya juya zai fita. Ragna ta miƙa hannu ta ɗauko wata jita mai kaurin murya da wani ya kawo gyara, tana jone da lasifika, ta ja tsirkiya ɗaya. Ƙarar ta bi ta cikin katakon daɓe, har gilashin taga ya yi ɗan rawa. Oddvar ya tsaya, hannunsa a kan mariƙin ƙofa. Bai waiwayo ba. Da ƙarar ta ɗauke ya buɗe ƙofa ya fita.

Kwana biyu gidan kamar an yi rasuwa. Yakan ci abinci ya ce ya gode, domin bakinsa ya saba, amma irin godiyar da ake yi wa mai sayar da abinci. Gunnhild ta wanke labulen da ba su yi datti ba. Ta yi ta juya maganarsa a ranta, kuma duk yadda ta juya sai ta ga yana da gaskiya. Ta kuma san ko yau aka mayar da ita shagon, huda za ta sake cewa. Wannan ya fi komai damunta.

Ranar Talata da safe ya fita kamar zai je wurin abokansa. Sai da ta shiga ɗakin ajiya ta ga babu naɗin fatar da yake ajiye magagarai da ma'aunansa a ciki. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wayarta ta yi ƙara.

"Inna, don Allah ki zo ki ɗauke mijinki," in ji Ragna. "Ya ƙwace mini teburi. Ya ce magagarina ba su isa a gurza farce da su ba. Yanzu haka ni ce nake riƙe masa fitila."

"Ya ce wani abu a kaina?"

"Ya ce tunda an riga an ɓata, gara a ɓata daidai."

Gunnhild ta ajiye wayar, ta zauna ta yi ɗan kukanta, sannan ta tashi ta kwaɓa ƙullun waina.

Ragna ta ce aikin kwana huɗu ne. Mako uku ya ci. Da aka fara ɗaura sababbin tsirkiyoyin, suka yi ta zizar ƙuda a cikin kwalba, domin sun yi laushi suna dukan ƙarafan wuya. Aka ɗaga su sama, sai suka gagari dannawa. Aka cire biyu na ƙasa aka aika a kawo waɗanda suka fi su kauri, aka jira kwana biyar. Da suka zo, wuyan jitar ya fara lanƙwasa saboda ja, sai da Ragna ta riƙa murɗa sandar ƙarfen da ke cikinsa kaɗan-kaɗan, kullum rubu'in juyi, a bar katako ya kwana ya saba. Bayan nan kuma aka gano cewa in an danna tsirkiya can kusa da ciki, sautin yana haurawa fiye da ƙima. Ragna ta ce sai an ja jaki baya, wato ɗan tudun da tsirkiyoyi ke hawa a kan cikin jita, amma na asalin ba shi da wurin matsawa.

"Sai a saya," ta ce.

"A saya," in ji Oddvar, kamar ta zage shi. Ya je ya samo guntun tagulla a wurin wani tsohon abokinsa, ya kwana biyu yana gurza, ya fitar da jaki sabo mai mazauni shida, kowace tsirkiya da nata.

Gunnhild takan tsallaka kowace rana da waina da cuku mai ruwan ƙasa, ta zauna a ɗan bencin nan tana saƙa. Oddvar bai yi mata magana sosai ba, amma yakan miƙo hannu ta baya ba tare da ya duba ba, ta sa masa waina a ciki. Tana kallon yadda suke aiki. Ragna tana saurare da kunne, shi kuwa yakan sunkuya ya ɗora haɓarsa a gefen cikin jitar, ya ce a ja.

"Ta huɗu ba ta zauna ba."

Ragna ta duba ɗan ma'aunin sauti da ke maƙale a kan jitar. "Ta zauna."

"Sake dubawa."

Ta sake. "To, saura ƙiris. Kawu, da haɓa kake ji yanzu?"

"Da haɓa na fi ki da kunne biyu."

"Shi ya sa kyanwa ta yi kuka a bikin Halvdan."

Gunnhild ta yi saurin ɗaga kai daga saƙarta. Amma sai ta ga kafaɗun Oddvar suna rawa. Dariya yake, ta farko tun kaka.

Ranar da aka gama, ya wanke hannu ya zauna, ya ɗora jitar a cinya, ya danna yatsu yadda ya saba, ya buga tsirkiyoyin shida gaba ɗaya. Abin da ya fito daga lasifikar ba kiɗa ba ne. Wani gurnani ne dunƙulalle, kamar shanu sun faɗa rijiya. Ya sake bugawa, ya canja yatsu, duk ɗaya. Ya ɗago hannunsa na hagu ya duba, tsirkiyoyin sun yi masa jajayen layuka a kan yatsu.

"Kin ce ba abin da zan sake koya."

"Na ce a hannun hagu," in ji Ragna. "Na dama kam sai ya koyi haƙuri. Manyan muryoyi ba sa magana tare, Kawu, kamar ku ne a wurin shan gahawa. Ja biyu. In ka matsu, uku. Ka bar kowace ta gama faɗin abin da ke bakinta."

Ya ja biyu. Ya jira. Ya ja wata. A hankali wata tsohuwar waƙar masunta ta fara fitowa, mai nauyi, tana tafe kamar mutum cikin dusar ƙanƙara. Ya yi kuskure sau uku, kuma duk ukun shi da kansa ya tsaya ya yamutsa fuska ya koma baya. Gunnhild ta lura da wannan. Ta mayar da idonta kan saƙa, ta tarar ta zubar da ƙulli biyar.

Suka kawo jitar gida a cikin bargon da ta je a ciki, domin sababbin kunnuwan sun yi faɗi, ba ta shiga akwatinta. Oddvar ya shafe mako biyu yana fama shi kaɗai a ɗakin zama, da ɗan lasifikarsa a gefen ƙafa. Yatsunsa suka yi ƙuraje, suka fashe, suka yi kanta. Bai kira ta ba, ita ma ba ta leƙa ba. Tana kicin tana jin waƙoƙinsu suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, duk a sabuwar riga.

Wata Lahadi da la'asar, rana ta shigo ta tagar kicin har kan tebur, sai ga shi da jitar da lasifikar. Ya jawo kujera ya zauna a gabanta.

"Ta masuntan nan. Ko kin manta?"

Ta goge hannu a jikin rigar girkinta. Ya fara, ta shiga a inda ta saba shiga, da muryarta siririya wadda har yanzu ba ta gaza ba. Idonsa yana kan bakinta. A tsakiyar baiti na biyu ya ɗora tafi a kan tsirkiyoyin ya kashe su.

"Gunn, zan faɗa miki wani abu. Na ga laifinki don kin yi mini ɓoyo. Ni ma na yi miki." Ya shafa gefen jitar da babban yatsa. "Rabona da jin waƙarki shekara uku. In kina magana ina tsintar rabi, in cike sauran. Amma in kin hau sama, shi ke nan. Bakinki nake kallo ina ƙirge. In na lumshe ido kuwa, ta da nake ji, wadda ke cikin kaina."

"Kai da kake ce mini na rera da kyau kullum in mun gama."

"Ai ta cikin kan nawa ba ta taɓa kuskure ba."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ta tashi ta je ta tsaya gaban tukunya, ko da yake ba komai a kan wuta. Bai bi ta ba, ya bar ta har ta gama kukanta.

"Maganar da na faɗa a shagon Ragna," ya ce da bayanta. "Cewa abu ɗaya ne nawa."

"Gaskiya ka faɗa."

"Gaskiya ce, amma ban faɗe ta da kyau ba."

Ta dawo ta zauna, ta matso da kujerarta har gwiwarsu ta haɗu. "Sake daga farko," ta ce.

Wannan karon ba ta hau ba. Ta nemi waƙar a can ƙasan maƙogwaronta, inda ba ta taɓa rerawa ba tunda take, ta bi jitar a inda take. Muryar da ta fito gwanin ban kunya, a shaƙe, tana gurzawa kamar ƙofar rumbu, numfashi yana yanke mata kafin ƙarshen layi. Ta so ta daina. Sai ta ga Oddvar ya daina kallon bakinta. Ya sunkuyar da kai ya karkato da kunnensa na hagu wajenta, yatsunsa suna tafiya. Suka kai ƙarshen baiti na huɗu a haka.

"Muni gare ta," in ji Gunnhild.

"Ba daɗi kam," ya ce. "Ƙara yi."

Suka yi sau uku, har maƙogwaronta ya fara zafi ta ce ya isa.

Muryar ƙasan nan ba ta taɓa yin zaƙi kamar ta sama ba, amma da yau da gobe ta yi laushi, ta sami tsawon numfashi. Da bazara aka fara kiransu kuma. Waƙoƙi masu sauri suka ajiye su, domin tsirkiyoyi masu kauri ba sa son gudu. Wasu suka ce sun fi son yadda suke a da, har wata mata ta tambayi Gunnhild ko mura take yi. A wurin zaman makoki kuwa sai aka fi neman su fiye da da.

A gida suka saba yi bayan abincin rana. Wata rana suna tsaka da yi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Solfrid ce, matar da suka tare a hawan sama da mijinta a farkon shekara, da jaririyarta a kafaɗa, idanunta duk sun faɗa don rashin barci.

"Ku yi haƙuri," ta ce. "Injin wankinku ne ya lalace? Kullum war haka sai kofunana su riƙa rawa a kan kantar kicin."

Gunnhild ta ji kunya, ta shiga ba da haƙuri, ta ce za su rage ƙara. Oddvar yana daga ciki yana tambaya wane ne, me ake cewa.

"A'a, ba ƙara na kawo ba," in ji Solfrid. "Yarinyar nan wata huɗu ba ta barcin rana. Mun yi jijjiga, mun yi yawo da ita a mota, duk a banza. Amma in abin nan naku ya fara, na shimfiɗa ta a ƙasa kan bargo, kafin in wanke kofi biyu ta tafi. Jiya ba ku yi ba, ta yi ta tsala ihu har yamma. Shi ne na ce bari in zo in ji ko mene ne, ko ana sayarwa."

Gunnhild ta jawo ta ciki ta nuna mata. Ta maimaita wa Oddvar maganar da murya ƙasa-ƙasa, kusa da kunnensa. Ya dubi jaririyar, ita ma ta ƙura masa ido tana tsotsar hannu.

"Wato kiɗan nawa barci yake sawa," ya ce.

"Ni dai na daɗe da sani," in ji Gunnhild.

Aka zuba wa Solfrid gahawa. Oddvar ya tambaye ta a wane ɗaki take kwantar da yarinyar, ta ce wanda ke saman ɗakin zamansu, daga wajen taga. Ya tashi ya ɗauki lasifikar ya kai can, ya kwantar da ita fuskarta tana kallon rufi, ya ja waya ya dawo kujerarsa.

"Ƙarfe nawa kike so?"

"Ɗaya da rabi, in ba takura."

"Ɗaya da rabi. Ranar Talata sai biyu, ina zuwa tasha." Ya ɗora jitar a cinya. "Hau ki shimfiɗa ta, mu gwada mu gani ko nan ya fi. In ya yi yawa ki buga ƙasa da ƙafa, wannan ina ji."

Solfrid ta shanye gahawarta ta hau. Suka jira har suka ji takunta ya tsaya a samansu, sannan Oddvar ya ja tsirkiya ta farko.